Waakye Ta Tagar Kicin

A talabijin Abdul-Hamid ya ga abin, yana kishingiɗe a kan doguwar kujera yana jiran a kawo masa abincin rana. Lokacin zaɓe ne a Amurka, 'yan takara sun dage da zuwa manyan gidajen abincin nan na gaggawa. Wannan ya naɗe hannun riga ya gatsi boga, wancan ya ɗaura ƙyallen girki a kan kwat ya tsaya a taga yana miƙa wa masu motoci soyayyen dankali. 'Yan jarida suna ta ɗauka, masu sharhi suna ta cewa ga mutumin talakawa.

Ya miƙe zaune. "Ruqaya! Zo ki ga yadda ake cin zaɓe."

Matarsa Ruqaya ta fito daga kicin da tire a hannu. Ta ajiye masa, ta dubi talabijin ɗin, ta dube shi, ta ce, "Ka wanke hannu tukuna."

Zaɓen da ke damun Abdul-Hamid ba na Amurka ba ne. Ranar Lahadi mai zuwa ƙungiyar zumunta ta masu jin Hausa a Greensboro za ta zaɓi shugaba, kuma shi ne ke karawa da Malam Shekari, wani mutumin kudancin Kaduna mai ƙarancin magana, wanda ke kan kujerar. Abdul-Hamid ya taɓa tsayawa ya faɗi, ya sake tsayawa ya sake faɗi. Wannan karon bai da wurin faɗuwa, don tun bara ya gaya wa danginsa na zangon Kumasi cewa shi ne ciyaman na Hausawan Amurka, har kawunsa ya riga ya sa an yi masa addu'a a masallaci.

"Ranar Asabar," in ji shi, "zan buɗe taga. Duk ɗan ƙungiya ya zo cikin motarsa, ba sai ya sauka ba. Waakye, shinkafa da waken nan tamu ta Kumasi, da miya da zoɓo, kyauta. Minti ɗaya, mota ta wuce. Su ga shugaba mai yi wa jama'a hidima da hannunsa."

"Wa zai dafa?"

"Wannan ƙaramar magana ce."

"Ƙarama ce ƙwarai paa, ga wanda bai san inda ludayi yake ba. Baban Ibtissam, tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa ganin ka ɗauke farantin da ka ci abinci a ciki ba."

"Ke ba ki san siyasa ba. Kin ga mutumin can na talabijin? Kina tsammani yana ɗauke faranti a gidansa? Kuma kada ki manta, ni na san aikin nan ciki da waje. Na yi manaja."

Ruqaya ta san manajan da ya yi. Farkon zuwansa ƙasar ya yi gugar ƙasa a irin wannan gidan abinci, bai cika mako ba aka sallame shi, saboda ya ajiye tsumman yana koya wa mai suya yadda ake suya. Ba ta tuna masa ba. Ta dai ce, "Zan dafa, don kada a ce an zo gidana an koma da yunwa. Amma ka yi abinka a gaba da gefe. Bayan gida kada mota ta taka. Ka san a nan McLeansville ba mu kan bututun gari, ramin masai yana ƙarƙashin ciyawar nan."

"Kankaren Amurka ne," in ji Abdul-Hamid. "Ko tankar yaƙi ta hau ba abin da zai yi."

Asabar ta zo da rana mai kyau, bayan ruwan da aka kwana biyu ana yi. Tsarin ba wuya: mota ta shigo ta hanyar gareji, ta tsaya a akwatin wasiƙu ta faɗi abin da take so, ta matso tagar kicin ta karɓa, ta fice ta ƙofar shinge da ke gefe. A jikin akwatin wasiƙun ya ɗaure wata tsohuwar waya da lasifikar da suka yi bikin sunan jikan maƙwabta da ita, ya haɗa da abin magana da ya maƙala a kunne. Ya sa hular takarda. Ya ɗaura ƙyallen girkin Ruqaya mai furanni, igiyar ba ta zagaye cikinsa ba sai da aka ƙara da igiyar takalmi.

Ya kuma ɗauko Justin, wani direban babbar mota wanda ba a yin biki ko suna a Greensboro bai watsa shi kai tsaye ta wayarsa ba. Abdul-Hamid ya riga ya aika wa mutanen Kumasi cewa su buɗe wayoyinsu su ga ciyaman a bakin aiki.

"Ka ɗauko ni daga nan ɓangaren," ya ce da Justin. "In na miƙa abinci, zan ɗaga wa kyamara hannu. Haka suke yi."

Mota ta farko ta Alhaji Abdoul Razak ce, dattijon da ya fi kowa shekaru a ƙungiyar, mutumin Damagaram, wanda in ya ɗaga hannu a taro rabin ɗakin ke bin sa. Ya zo cikin farar shadda mai sitaci, matarsa Hajiya Djamila tana gefensa. Bayansu motoci sun fara jeruwa.

Abdul-Hamid ya gyara murya. "Barka da zuwa! Me za a ba ku?"

Lasifikar ta kai maganar har titi.

"Salamu alaikum," in ji Alhaji, yana duban akwatin wasiƙu.

"Wa alaikumus salam. Me za a ba ku?"

"Wa ke cikin akwatin nan? Abdul-Hamid ne?"

"Ni ne, Baba Alhaji. Oda kawai za ka..."

"Ina wuni?"

"Lafiya lau. Baba, oda..."

"Ina gajiya? Ya iyali? Ya Hajiya Ruqaya? Ya yarinyar nan ta jami'a, tana ƙoƙari? Ana jin mutanen Kumasi? Ƙafar tsohuwa ta yi sauƙi? Ya muka ji da ruwan nan?"

Abdul-Hamid ya amsa duka, yana duban agogo, yana yi wa kyamara murmushi. Da Alhaji ya kai ƙarshe, sai Hajiya Djamila ta miƙo wuya ta kan mijinta ta faro tata gaisuwar daga farko, ta haɗa da jajen wani ɗan'uwan Ruqaya da ya rasu tun kafin azumi. Sai da aka yi fatiha.

"To, me za a ba ku?" in ji Abdul-Hamid, gumi ya fara jiƙa hular takarda.

"A'a, alhamdu lillahi," in ji Alhaji. "A ƙoshe muke."

Duk wanda ke cikin layin nan ya san abin da wannan ke nufi. Dattijo ba ya buɗe baki a gidan mutane ya ce a ba shi kaza da kaza. Sai an roƙe shi, ya ƙi, an sake roƙonsa. Abdul-Hamid ma ya sani, amma yau shi manaja ne.

"To madalla! Na gaba!"

Sai muryar Hajiya Djamila ta fito ta lasifika, tar da ita, duk layi yana ji: "Ka ji ko? Tun daga Sedgefield muka taso ko karyawa ba mu yi ba. Na gaya maka mutumin nan ba shi da kai."

Ruqaya ta saki ludayi ta fizge abin maganar daga kunnen mijinta. "Baba, don Allah ku yi haƙuri. Ko loma ɗaya ce, kada ku kunyata ni."

"Haba, 'yata, da ma kin bar shi."

"Don Allah, Baba."

"Bon. To, tunda kin matsa. A zuba biyu, a ƙara ƙwai, a sa yajin nan naku na shito da yawa. Da wanda za mu kai wa yara."

Motar ta matso taga. Abdul-Hamid ya karɓi abinsa ya mayar kunne, ya ɗauki leda da kofin zoɓo, ya juya wa Justin ɓangaren da suka shirya. Ya ɗaga hannun dama yana gaida Kumasi, ya miƙa wa Alhaji abinci da ɗayan.

Alhaji bai motsa ba. Ya dubi hannun kamar an miƙo masa mushen ɓera.

"Wannan wane hannu ne?"

"Baba, nan Amurka ce. A nan hannu hannu ne."

"A gidanku haka aka koya maka?"

Abdul-Hamid ya yi sauri ya sauya hannu. Alhaji ya gyaɗa kai, ya zo karɓa, sai ya tsaya. Direba a ƙasar nan a hagu yake zama, tagar kuma tana hagunsa. Hannun da ke kusa da abincin nasa ne na hagu.

"A'a," in ji shi. "Ban taɓa karɓar abinci da wannan hannun ba, ba kuma zan fara yau ba."

"Ei, Baba! Ba kullum nake ganin ka kana sayen kofi ta taga a kan hanyar masallaci ba?"

"Can saye nake yi, wurin waɗanda ba su san ni ba. Nan gidan mutane ne. Ga kuma yaron nan yana ɗauka."

Ya juyo da jikinsa, ya turo hannun dama ta saman cikinsa. Bel ɗin kujera ya riƙe shi. Hannun babbar riga ya maƙale a sitiyari. Ya ƙara miƙewa, yatsunsa suka kama kofin zoɓo, kafaɗarsa ta yi wata ƙara, ƙafarsa kuma ta bar birki. Motar ta tafi a hankali, kamar ba ta son a lura. Murfin kofin ya tashi. Zoɓo ya sauka tun daga aikin wuyan shadda har gwiwa. Hajiya Djamila tana salati, motar ta bi ta kan barkonon da Ruqaya ta shuka, ta je ta sa hanci a ginshiƙin ƙofar shinge ta tsaya, ta toshe hanyar fita.

Alhaji ya fito riƙe da kafaɗa, ja jawur kamar ya dawo daga mayanka. Ya nemi kujera a gindin bishiya ya zauna, ya ce ba mai taɓa masa mota sai ya huce.

"Ciyaman," in ji Justin, yana karanta wayarsa, "kawunka na Kumasi ya rubuto. Ya ce wai ashe tallan waakye kake yi a Amurka?"

"Gaya masa kamfen ne! Ci gaba da ɗauka."

Wani da ba Abdul-Hamid ba da ya rufe tagar nan ya shimfiɗa tabarmi. Shi sai ya fito tsakar gida da hular takarda, ya ɗaga hannu biyu ya ce ya gano matsalar, kuma matsalar ta injiniyoyin Amurka ce da suka sa sitiyari a inda bai dace ba.

"Za mu juya layi! In mota ta zo ta ɗaya ɓangaren, taga za ta koma dama. Waɗanda ke layi su ja da baya. Sababbin zuwa su zagayo ta bayan gida."

Ruqaya ta leƙo ta taga. "Ta ina?"

"Ta bayan gida. Ke dai zuba abinci."

"Baban Ibtissam, na gaya maka..."

"Kankaren Amurka ne!"

Ja da baya bai yiwu ba, don waɗanda ke layi ba sa cikin motocinsu. Ganin dattijo zaune da jar riga, kowa ya fito yi masa sannu. Wanda ya yi masa sannu kuma ya juya ya ga wani da rabonsu da haɗuwa tun sallah, sai sabuwar gaisuwa. Mata suka ce ba za su ci abincin mace ba su shiga sun gaishe ta ba, suka shige kicin da makullan motoci a jakunkunansu. Cikinsu wata ta ɗaura zane ta kama yankan albasa.

Duk da haka motoci uku ko huɗu sun zagayo ta baya, tayoyinsu suna tona jar laka a cikin ciyawa. Ta farko miji da mata ne, matar ta karɓa da dama lafiya lau. Abdul-Hamid ya juya ga kyamara ya ce, "Kun gani? Wannan shi ake kira shugabanci." Sai dai motar ba ta da inda za ta bi, don hancinta ya haɗu da hancin motar farko ta tsohon layi. Mijin ya kashe inji ya fita gaisuwa. Da ƙyar aka tura ta gefe, kan ragowar barkonon.

Ta biyu Anti Celina ce, ita kaɗai. Ma'aikaciyar jinya ce 'yar Jos, kuma ita ƙungiya ta ɗora wa gudanar da zaɓen gobe, saboda ba wanda ke iya yi mata gardama. Yanzu taga tana dama, amma ita tana can hagu, da faɗin mota tsakaninta da abincin.

"To, ciyaman na gobe," ta ce, "jefo mini za ka yi?"

"Anti, minti ɗaya. Komai akwai dabararsa."

Ya ruga gareji ya dawo da shebur ɗin kwasar ƙanƙara. Ya goge shi da ƙyallen girki, ya ɗora ledar waakye a kai, ya zura ta tagar kicin, ta tagar mota, har gaban Anti Celina.

Ta dubi shebur ɗin. Ta cire tabarau.

"Abdul-Hamid, ni ce za ka ba abinci a shebur?"

"Da hannun dama na riƙe, Anti."

"A asibiti ko mai cutar da ake gudu ba ma ba shi abinci haka. Justin, kana ɗauka? Ɗauka da kyau. Wannan ne ke son ya riƙe mu." Ta fito, ta rufe motarta a nan bakin taga, ta shiga kicin wurin Ruqaya tana cewa, "Sannu, ƙanwata. Ke kam Allah zai ba ki lada biyu, na girki da na zama."

"Ciyaman," in ji Justin, "kawunka ya ce a tambaye ka, wai shebur ɗin na ofishin ciyaman ne?"

"Chale, abokina, bar karanta mini saƙon nan!"

Layi ya riga ya fita titi, ya miƙe har wajen gonakin da ke gaba. Titin siriri ne, masu wucewa suka fara danna ham. A daidai nan ne farar bas ɗin coci ta iso, Malam Shekari yana tuƙi, cike da mutanensa da suka tashi daga koyon waƙa. Ya ce tunda abokin takara ya gayyaci kowa, rashin zuwa zai zama raini.

Zuciyar Abdul-Hamid ta yi fari. Bas guda ta masu ƙuri'a, kuma abokin hamayya da kansa zai karɓi abinci daga hannunsa a gaban kyamara. Ya fita da gudu har titi yana yi musu alama.

"Malam Shekari! Ta nan, ta nan! Manyan baƙi ba sa bin layi. Zagayo ta baya!"

Shekari ya leƙo ya dubi ciyawar. "Maigida, ƙasar nan ta jiƙe. Motar tana da nauyi. Bari mu ajiye a bakin titi mu tako."

"Ka taka a gidana? Kuraa, sam! Ba mai sauka daga mota yau. Tsarin ke nan. Ko tsoro kake ji?"

Shekari ya juya sitiyari. Abdul-Hamid yana gaba yana tafiya da baya, yana kiran bas ɗin da hannu biyu kamar mai saukar da jirgi. "Taho, taho. Dama kaɗan. Taho. Ni na san filin nan kamar..."

Ƙarar ba ta da yawa. Wani ɗan gum ne daga ƙasa, sai bayan bas ɗin ya zauna. Tayar baya ta shige har rabi, gaban motar ya ɗan ɗaga sama, matan da ke ciki suka zame kan juna suna kiran Yesu. Ba wanda ya ji rauni. Aka buɗe ƙofa suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, sannan iska ta juyo da warin ramin masai.

Ta fara isa gindin bishiya. Alhaji Abdoul Razak, wanda Ruqaya ta kai wa faranti yana ci da dama duk da ciwon kafaɗa, ya ajiye cokali. Ta isa layin gaisuwa, gaisuwa ta tsaya a tsakiyar "ya iyali". Ta shiga ta tagar kicin. Mata suka fito da bakin mayafi a hanci. Kowa ya nufi motarsa, kuma ba motar da za ta iya fita, don ta gaba tana jiran ta baya, ta baya tana jiran makullin da ke jakar wata, ƙofar gefe kuma motar Alhaji tana ciki.

Shekari ya sauko ya zagaya ya dubi tayarsa. Ya dubi Abdul-Hamid. A hankali ya ce, "Mun gode da gayyata."

Ruqaya tana tsaye a ƙofar baya da ludayi a hannu. Ba ta ɗaga murya ba. "Kankaren Amurka," ta ce, ta koma ciki.

Ɗan sanda ya zo saboda cunkoson titi. Bayansa motar janwe, wadda ita ma ta rasa ta inda za ta shiga. Bayanta kuma wata motar gidan talabijin da ke dawowa daga wani aiki, ta maƙale a layin, 'yar jaridar ta ga abin ya isa labari ta sauko da mai kyamararta.

Da Abdul-Hamid ya hango su, sai ya gyara hular takarda. Abin da ya nema ke nan tun ranar da ya kishingiɗa a kujera. Ya tsaya a gaban bas ɗin ya yi bayani da Turanci mai tsawo, cewa shi shugaban al'umma ne, cewa jama'a sun amsa kiransa fiye da yadda aka zata, cewa dubi motoci har ba wurin ajiyewa. 'Yar jaridar tana riƙe da makirufo da hannu ɗaya, ɗayan yana kan hancinta.

Da yamma aka nuna labarin. An yanke jawabin duka. Abin da ya rage shi ne mutum mai hular takarda da ƙyalle mai furanni yana nuna bas a cikin rami, da rubutu a ƙasa cewa wani mazaunin McLeansville ya toshe titi da gidan abincin da ba shi da izini. Justin ya tura wa Kumasi wannan ma, don kada su ce an rage musu.

Ranar Lahadi aka taru a ɗakin taron da ƙungiya ke haya. Ba a taɓa cika irin ta ranar ba. Zaɓen ƙungiyar da ɗaga hannu ake yi, Anti Celina ta tsaya a gaba.

Abdul-Hamid ya nemi a ba shi dama ya yi magana. Ya ce a tarihin ƙungiyar nan ba ɗan takarar da ya taɓa kai sunanta talabijin sai shi. Wani daga baya ya ce, "Da warinta ma." Anti Celina ta buga tebur.

"Masu son Abdul-Hamid ya zama shugaba, su ɗaga hannu."

Ya ɗaga nasa tun kafin ta rufe baki. Ya waiwaya ɓangaren mata. Hannuwan Ruqaya suna kan cinyarta.

"Ruqaya!" ya ce ƙasa-ƙasa.

"Tun asuba nake juya tukunya jiya," ta ce. "Ba ya ɗaguwa."

Sai ga wani hannu yana tashi a sahun gaba, a hankali. Na Alhaji Abdoul Razak ne. An san in ya ɗaga ana bi. Wasu har sun fara motsa kafaɗa. Sannan aka lura. Hannunsa na dama yana rataye a wuya cikin majanyin asibiti, wanda ya ɗaga na hagu ne, kuma ya ɗaga shi sosai yadda kowa zai gani.

"Baba," in ji Anti Celina, "zaɓensa kake yi?"

"Da hagu ya ba ni abinci," in ji Alhaji. "Na zo in mayar masa da abinsa."

Dariya ta ɓarke har mutanen bas ɗin suna riƙe ciki. Masu motsa kafaɗa suka mayar da hannuwansu aljihu. Anti Celina ta share hawaye ta ce ita ba ta san ko irin wannan ƙuri'ar tana shiga lissafi ba.

Abdul-Hamid ya miƙe tsaye. "Tana shiga! Nan Amurka ce. Hannu hannu ne!"

"To, an sa maka," ta ce. "Masu son Malam Shekari?"

Ɗakin duka ya tashi. Hannun Ruqaya ya warke, har ya fi na kowa tsawo.

A mota, kan hanyar komawa, Abdul-Hamid ya kira Kumasi. Ya gaya wa kawunsa cewa an yi zaɓe mai zafi, cewa dattijon da ya fi kowa girma a garin shi ya mara masa baya a gaban jama'a, kuma ya ga ya dace ya bar wa Shekari kujerar na ɗan lokaci saboda zaman lafiya. Daga can aka tambayi wani abu. Ya ce layin ba ya da kyau, ya kashe.

Da suka isa gida, ramin yana nan an kewaye shi da jan ƙyalle, barkono ya zama laka. Ruqaya ta riga shi shiga. Ya tsaya yana duban ɓarnar, yana lissafa a ransa yadda zai gyara tsarin baɗi, wataƙila da taga biyu. Da yunwa ta taso masa ya nufi ƙofa, ya tarar an sa sakata. Ya ƙwanƙwasa.

"Ruqaya! Buɗe mana. A kawo mini abinci."

Muryarta ta fito daga kicin, a natse.

"Zagayo ta taga."